Gidan Gem da Gidan Ƙarfe: Abin da Samarin Ikara, Maƙarfi da Kudan Suke Bukata

Gidan gem ya bi sahun gidan kallon ƙwallo da teburin mai shayi, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da samari ke ƙarar da yininsu a garuruwanmu. Ba sai an je Kano ko Kaduna ba, a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi ma haka abin yake. Shago ne ɗan ƙarami, talabijin biyu ko uku a jikin bango, benci babu majingina, janareta na ruri a bakin ƙofa. Yaro ya ɗosana a gefen bencin, ya kafa gwiwar hannu a kan cinya, ya miƙo wuya gaba, duk jikinsa babu abin da ke motsi sai manyan yatsu biyu da ƙwayar ido. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya ci gaba da zama, don haka gwanin unguwa shi ya fi kowa daɗewa a wannan zaman. Wanda ba shi da kuɗin shago kuma yana da waya a aljihu, da eFootball ko Free Fire ko Call of Duty a cikinta, ya kishingiɗa a tabarma ya yi ta dannawa sai caji ya ƙare. A cikin yaran nan akwai waɗanda abin ya wuce musu nishaɗi. Suna haɗa kuɗi su sa kofi, suna tsallakawa wata unguwa su kara da gwanayen can, suna kallon gasar duniya a YouTube suna cewa wata rana su ma.

Ra'ayina shi ne a daina jayayyar ko abin da suke yi wasa ne na gaske ko shiririta, a karɓe su a matsayin 'yan wasa, sannan a ɗora musu abin da ake ɗora wa kowane ɗan wasa, wato kula da jiki. Ɗan dambe ba ya shiga fili sai ya yi gudun asuba ya daki buhun yashi, ɗan kokawa ma ba ya tunkarar kaka da jikin da ya kwanta tun bara. Ɗan gem ne kaɗai yake ganin yatsa da ido sun wadatar. Mu manya kuma mun taya shi wannan kuskure, domin wasunmu sun zuba masa ido ba su ce uffan ba, wasu kuma zagi kawai suka iya.

Ko muna so ko ba ma so, sauran duniya ta riga ta yanke hukunci a kan wasan. A 2018 wani matashin Saudiyya, Mosaad Aldossary, ya ci kofin duniya na gem ɗin FIFA a Landan, ya tafi gida da dala 250,000. A 2019 wani yaro ɗan shekara 16 a Amurka ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite. A wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023 an raba lambobin zinare a wasannin gem kamar yadda aka raba a gudu da ninƙaya, kuma gasar da Saudiyya ta shirya a Riyadh a 2024 an sa mata kyautar da ta haura dala miliyan 60. Ba ina kawo waɗannan alƙaluma ba ne don in kwaɗaitar da yaron Gubuchi ko Likoro. Gaskiyar magana ita ce, da irin wutar lantarkinmu da irin intanet ɗinmu, da wuya a cikin dubu a samu ɗaya da zai ci abinci da wannan wasa. To amma a nan gizo ke saƙar. Kuɗin na mutum ɗaya ne a cikin dubbai, ciwon kuwa na duk wanda ya yi irin zaman ne, ko ya ci kofi ko bai ci ba. Wani bincike na Jami'ar Simon Fraser da ke Kanada a 2014, a kan 'yan wasan StarCraft sama da 3,000, ya nuna cewa saurin ɗaukar mataki yana fara raguwa tun daga wajen shekara 24. Sana'ar gajera ce ke nan, bayan ta kuma akwai shekaru arba'in ko hamsin da mutum zai yi da wannan bayan da wannan wuyan hannun.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Jian Zihao, wanda aka fi sani da Uzi, yana cikin fitattun 'yan wasan League of Legends na ƙasar Sin. A watan Yuni na 2020 ya sanar da ajiye wasa yana ɗan shekara 23, ya ce ciwon suga ya kama shi sakamakon raba dare da cin abinci barkatai da matsin gasa, ga kuma ciwon hannu da ya daɗe yana fama da shi. Ya ɗan dawo daga baya amma bai daɗe ba. Faker na Koriya ta Kudu, wanda ake ɗauka babu kamarsa a tarihin wasan, ya zauna kusan wata guda a 2023 saboda ciwon jijiyar hannu, ƙungiyarsa T1 ta sha kashi a mafi yawan wasannin da ta buga babu shi. Thomas Paparatto, gwanin Call of Duty a Amurka, babban yatsansa ne ya raba shi da gasa a 2021 yana da shekara 25. Kada a ce waɗannan tsiraru ne. A 2019 likitoci a wata jami'a ta New York sun tambayi ɗalibai 65 masu buga gasar gem a Amurka da Kanada. Kashi 56 cikin 100 sun koka da gajiyar ido, kashi 42 da ciwon wuya da baya, kashi 36 da ciwon wuyan hannu. Kashi 40 ba sa wani motsa jiki ko kaɗan, kuma kashi 2 ne kacal suka taɓa kai kukansu ga likita. Waɗannan fa mutane ne masu kujerar da aka ƙera musamman don wasan, da ɗaki mai sanyi, da asibiti a bayan ɗaki. Yaronmu benci gare shi da hayaƙin janareta.

Yadda ciwon yake shiga ba ɓoyayyen abu ba ne. Jijiyoyin da ke motsa babban yatsa suna wucewa ta wani siririn kwararo a gefen wuyan hannu, in aka yi ta ja da saki sau dubbai a yini sai wurin ya kumbura, har ɗaukar buta ya zama aiki. Akwai wata jijiyar da ke ratsa tsakiyar wuyan hannu, idan ta matsu sai babban yatsa da manuniya da na tsakiya su riƙa mutuwa, musamman da dare. Kai kuma nauyinsa wajen kilo 5 ne idan yana tsaye daidai a kan wuya, amma wani likitan ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa idan aka sunkuyar da shi sosai, irin sunkuyon mai danna waya, abin da wuya ke ɗauka yana kai wa kilo 27. Dogon zama wuri ɗaya yana iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa, gudan jinin ya ɓalle ya toshe huhu, kuma hakan ya taɓa kashe wani saurayi ɗan shekara 20 a Ingila a 2011 bayan ya saba kwashe sa'o'i masu yawa a gaban na'ura. Hayaƙin janareta a shagon da ba taga shi ma ba sai an faɗa wa ɗan Najeriya abin da yake yi ba.

Sai dai na san saurayi ba ya jin wa'azin ciwon da zai zo masa yana ɗan shekara arba'in. Abin da zai saurara shi ne abin da zai sa ya ci wasa gobe, kuma a nan ma hujja tana tare da motsa jiki. Farfesa Ingo Froböse na Jami'ar Wasanni ta Cologne a Jamus ya auna ƙwararrun 'yan gem, ya ga bugun zuciyarsu lokacin gasa yana kai wa 160 zuwa 180 a minti, hannuwansu kuma suna motsi har sau 400 a minti. Zuciyar da ba ta saba da wahala ba, in ta kai wannan mataki hannu rawa yake yi, tunani ya cushe, shi ya sa ake ganin gwani ya zubar da wasa a mintin ƙarshe. A Jami'ar McGill ta Kanada an gwada matasa 20 a 2020, wata rana su yi minti 15 na motsa jiki mai tsanani kafin su zauna wasa, wata rana su huta kawai, aka ga sun fi kai hari daidai a ranar da suka yi gumi. Ƙungiyar Astralis ta Denmark ta miƙa tarbiyyar 'yan wasanta ga Kasper Hvidt, tsohon golan ƙwallon hannu na ƙasar, aka tsara musu barci da abinci da atisaye, ta kuma ci manyan kofunan Counter-Strike uku a jere tsakanin 2018 da 2019. Mai shakka zai ce mutum 20 ba su isa hujja ba, kuma Astralis tana da gwanaye tun asali. Ya yi gaskiya, ban ce gudun asuba zai mai da ɗan koyo zakara ba. Abin da na ce shi ne idan gwanaye biyu suka haɗu, wanda ya yi barci kuma zuciyarsa ta horu shi zai fi jure zagaye na biyar, kuma ko da wannan amfani bai tabbata ba, bayansa da hannunsa sun tsira. Ciniki ne da babu faɗuwa a cikinsa.

Inda nake jin tsoro shi ne kada a fahimci motsa jiki da ma'anar tara ƙwanji. Samarinmu suna da nasu wuraren ɗaga ƙarfe, a bayan gida ko a kangon da ba a ƙarasa ba. An zuba siminti a gwangwanin fenti biyu, an soka bututun ƙarfe a tsakani, wani lokaci tsofaffin giyar mota aka jera a sanda, ga katako an ɗora a kan bulo don kwanciya. Ƙirji da damtse kawai ake nema, saboda su ne ke fitowa a riga da hoto, ƙafa da baya kuwa ko oho. Ba na raina wannan himma, ta fi zaman majalisa sau dubu. A duniyar gem ma akwai masu ƙwanji, kamar Pasha ɗan Poland da ya ci babban kofin Katowice a 2014, wanda damtsensa ya shiga har cikin laƙabinsa. Amma Faker siriri ne, kuma kofunansa sun fi na Pasha nesa ba kusa ba. Ƙwanji ba ya cin gem. Abin da ɗan gem yake bukata shi ne zuciya mai juriya, da baya da ciki masu riƙe zama, da kafaɗa mai komawa baya, da wuyan hannu mai laushi. Ƙarfe mai nauyi da aka ɗaga ba bisa ƙa'ida ba kuwa, ba tare da mai koyarwa ba, wuyan hannun nan da ake son karewa shi yake fara lalatawa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne gajeriyar hanya. Saurayin da ke son jiki cikin wata ɗaya kemis yake nufa. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dexamethasone ne a cikinsu, ba sa gina tsoka. Ruwa da kitse suke tarawa, fuska ta kumbura, suga da hawan jini su tashi, tsokar ma ta ƙara zagwanyewa. Alluran gina tsoka na gaske kuma suna taɓa hanta da zuciya, suna rage ƙarfin haihuwa, abin da saurayin da bai yi aure ba ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kai. A ɓangaren gem ma akwai irin wannan jarabar, wato abin da zai hana barci ya ƙara kaifin ido. A 2015 kamfanin shirya gasa na ESL ya fara gwajin ƙwaya bayan wani ɗan wasa ya fito ya ce shi da abokansa sun sha ƙwayar Adderall a wata gasa. Mu a nan ba Adderall ke yawo ba, tiramol ne da lemon ƙara kuzari da ake kwankwaɗa gora bayan gora. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga ciki masu shan irin su tiramol ne. Gidan gem da gidan ƙarfe da babu babba a kansu, duka biyun ƙofa ce zuwa can.

Akwai wanda zai ce wannan duk zancen birni ne. Yaron Maƙarfi da ya yini yana saran rake yana lodin mota, ko na Kudan da Ikara da ke ɗaukar kwandon tumatir daga fadama zuwa bakin titi, wane motsa jiki kuma za a koya masa? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ga yaron da aka kwatanta gaskiya ce, zuciyarsa ta fi ta ɗalibin Amurka horo. Sai dai a je gidan gem a duba su wa ke zaune. Wanda ya yini a gona da wuya ya zama gwanin unguwa, domin gwaninta lokaci take ci. Gwanin yawanci ɗalibi ne, ko mai jiran shago, ko mai POS, ko mai cajin waya, ko ɗan acaɓa, ko wanda ya gama sakandare yana jiran sakamako, wato wanda tun asali sana'arsa zama ce. Ƙauyen kansa ma ya sauya. Babur ya karɓi aikin ƙafa da keke, maganin feshi ya rage wa fartanya aiki, injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 81 cikin 100 na yara 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma babu dalilin da zai sa mu ɗauka garuruwanmu suna wajen wannan lissafi har abada. Shi ma manomin, duƙon gona da duƙon benci gefe ɗaya suke tanƙwara baya, don haka yana bukatar miƙewa ko da ba ya bukatar gudu. 'Yan mata kuwa, da su ma suke danna waya a cikin gida ba tare da filin ƙwallo ko kangon ƙarfe ba, nasu zancen ya fi wannan tsawo, kuma ba a ma fara shi ba.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi na iyaye da malamai ne, masu cewa maimakon a gyara wa yaro zama, a rufe shagon kowa ya huta. Suna da hujja. An ga yaran da gem ya raba da salla a kan lokaci, ya raba su da Islamiyya da boko, an ga inda wasa ya rikiɗe ya koma caca. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ko da yake ta ce kaɗan ne daga masu wasan abin ke kai su haka. A kan caca babu sassauci, haramun ce kuma mai shagon da ya bari ana yin ta ya cancanci hukunci. Amma rufe shago ba ya rufe wasan, domin wasan yana aljihu. Ƙasar Sin, da duk ƙarfin ikonta a kan intanet, ta taƙaita wa yara wasan zuwa awa uku a mako tun 2021, yaran kuma suka koma shiga da sunan iyaye da kakanni. Mu da ba mu da wannan iko, abin da rufewa za ta haifar shi ne yaro ya koma ɗaki shi kaɗai da waya har ƙarfe biyun dare, inda ba mai ganin sa. A shago aƙalla akwai babba, akwai lokacin tashi, akwai wanda za a kama da laifi. Sharaɗin motsa jiki ma bukatar uban yake biya, saboda yaron da dole ya fito gudu bayan sallar asuba ba zai iya raba dare ba. Addini kuma bai taɓa ƙyamar ƙarfin jiki ba, tseren da Annabi (SAW) ya yi da Nana A'isha sananne ne a wurin kowane ɗalibin hadisi.

Batun kuɗi ba ya cikin matsalar. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema shi ne awa ɗaya a kullum ga yaro, ga babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Filin firamare ya isa, da ƙwallo, da igiyar tsalle, da keke, da langa ga wanda bai manta ta ba. Abincin gina jiki ma yana kasuwarmu, wake da gyaɗa da awara da ƙwai da nono, babu bukatar garin gwangwani mai tsada da ba a san abin da ke ciki ba.

Abin da babu shi ne wanda zai ɗaure wasan da wannan sharaɗi, kuma masu iya yin haka sanannu ne. Mai shago zai iya sa wa bencinsa majingina, ya nisanta janareta, ya kafa dokar cewa ko wanda ya ci sai ya tashi ya miƙe bayan wasa uku, ya rufe lokacin salla, ya kuma tsayar da lokacin tashi da dare. 'Yan siyasar da ke sa kofin ƙwallo duk shekara, idan samari suka zo musu da bukatar kofin gem, kada su kore su kuma kada su miƙa kuɗi kawai. Su ce duk wanda zai yi rajista sai ya halarci atisayen safe na makonnin da suka gabaci gasar, ai ba a fafe gora ranar tafiya. A Maƙarfi akwai kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris, ɗalibanta za su iya zuwa ranar gasa su auna jini da suga, su nuna wa yara yadda ake miƙar da wuya da wuyan hannu. Zariya ma ba nisa, Jami'ar Ahmadu Bello tana horar da malaman motsa jiki, asibitin koyarwa na Shika kuma yana da masu gashin ƙashi ga wanda yatsunsa suka fara mutuwa. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan su tara masu gidajen gem na yankunansu, tare da hakimai da limamai, su amince da waɗannan ƙa'idoji kafin hutun makaranta mai zuwa, lokacin da shagunan suka fi cika.